Maigida yana so a mayar da 'yarmu makarantar tsofaffin littattafai, ni kuwa hankalina bai kwanta ba

Anti, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu. Ni 'yar Arewa ce, muna zaune a jihar Texas ta Amurka da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Aikin jinya nake yi, galibi na dare. Babbar 'yarmu shekararta 9, tana aji huɗu a makarantar gwamnati ta unguwarmu, kuma tana ƙoƙari, musamman a lissafi da kimiyya. Kwanakin baya wani dattijon ikilisiyarmu ya gayyaci maigida bikin makarantar jikokinsa, irin makarantun nan na Kirista masu bin tsarin karatun mutanen dā. Ya ga yara suna karanto Zabura da ka, suna rera Latin, manyansu suna muhawara. Tun ranar ba shi da zance sai a mayar da 'yarmu can. In za mu iya kuɗin, sai dai in ƙara dare ɗaya a mako, ko mu rage abin da muke aika wa mahaifiyata da ƙannensa a gida. Na duba jerin littattafan, na ga labaran gumakan Girkawa da rubuce-rubucen Turawan da suka daɗe da mutuwa. Me Latin zai yi wa yarinyar da ko Hausa ba ta iya ba? Ita ma ta yi kuka, ba ta son rabuwa da ƙawayenta. Da na faɗa masa damuwata sai ya ce na fifita dala a kan ran 'yarmu. Maganar ta ƙona ni, don shi kansa ban taɓa ganinsa da ɗaya daga cikin littattafan a hannu ba. Yanzu daga gaisuwa sai gaisuwa. Ni ce mai taurin kai?

Wata uwa daga Texas

'Yar'uwata, kafin mu taɓa zancen Latin ko na gumaka, bari mu fara da kalmar da ta hana ki barci. Ba ki da taurin kai, kuma ba ki fifita dala a kan 'yarki ba. Matar da take kwana a tsaye kan marasa lafiya, gari ya waye ta dawo ta duba jerin littattafan makaranta ɗaya bayan ɗaya, ba a gaya mata haka. Kuɗin da kike aika wa mahaifiyarki ma ibada ne. Ki duba Markus sura 7, inda Yesu ya tsawata wa masu hana iyayensu tallafi da sunan sun keɓe abin ga Allah. Maigida ya yi kuskure a wannan furuci, kuma kina da haƙƙin ki gaya masa ya yi miki ciwo.

Amma ki ɗan leƙa zuciyarsa. Uba ne a ƙasar da ba tasa ba, yana kallon 'yarsa tana tashi da harshen da ba nasa ba, da tunanin da wayar hannu take cusa mata, yana tsoron wata rana za ta dube shi da Littafinsa Mai Tsarki kamar kayan tarihi. Sai ya shiga wani zaure ya ga yara sa'o'inta suna tsaye suna karanto Zabura ba takarda. Dole abin ya taɓa shi. Tsoro ne ya fito daga bakinsa da siffar zargi. Kuma abin da ya gani ba ƙarya ba ne, akwai alheri a ciki.

Matsalarku ita ce kun haɗa abubuwa biyu kuna ja a kansu kamar abu ɗaya ne: littattafan, da makarantar. A kan littattafan ina bayansa. A kan makarantar ina bayanki, har sai an amsa tambayoyinki. Furar ita ce littattafan, makaranta ƙwarya ce kawai, kuma ƙwarya iri-iri ce.

Tsarin da ake kira na mutanen dā yana tsaye ne a kan fannoni uku da Girkawa da Romawa suka koyar, ikilisiya kuma ta gada ta riƙe tsawon ƙarnoni: nahawu, mantiƙi da balaga. Wato yaro ya san harshe, ya iya gane hujja mai ƙarfi da ta banza, sannan ya iya faɗar abin da ke ransa yadda zai shiga kunne. Ke da kika tashi a Arewa ba baƙon abu ba ne a wurinki, don maƙwabtanmu Musulmi a makarantun zaure na Kano da Zariya da Sakkwato suna karanta waɗannan fannoni da Larabci, littafi bayan littafi, a gaban malami. Sai dai makarantun da maigida ya gani ba su da daɗewa haka. A 1947 wata marubuciya 'yar Ingila, Dorothy Sayers, ta gabatar da lacca a Oxford, ta ce makarantun zamani suna cika yara da darussa amma ba sa koya musu yadda ake koyo. Ta ba da shawarar a bi shekarun yaro: ƙanana su yi hadda don suna jin daɗinta, masu tasowa da suka fara gardama a koya musu mantiƙi, matasa kuma balaga. Ita da kanta ta ce yaro ɗaya ta sani sosai da ta gina wannan rabo a kansa, wato ita kanta tana ƙarama. A 1981 aka buɗe makarantar Logos a garin Moscow na jihar Idaho a kan wannan shawara, daga nan abin ya bazu, yau akwai ɗaruruwan irinta a Amurka. Na kawo miki wannan ne don ki san littattafan sun haura shekara dubu, amma fasalin makarantar bai kai shekara hamsin ba. Mutane ne suka tsara shi, ana iya yi masa tambaya ba tare da an taɓa bangaskiya ba. Wasu makarantun nagartattu ne ƙwarai, wasu kuma suna da kayan makaranta masu kyau da taken Latin a bango, malaman kuwa ba su karanta abin da suke koyarwa ba.

To me ke cikin tsofaffin littattafan da har nake bayan maigida? C. S. Lewis, marubuci Kirista na Birtaniya, ya yi bayaninsa a 1944, a gabatarwar da ya rubuta wa fassarar wani littafin Atanasiyus na Iskandariya. Ya ce kowane zamani yana da makantarsa, abubuwan da kowa ya yarda da su har ba wanda yake lura ya yarda. Mutanen dā ba su fi mu wayo ba, sun yi nasu kurakuran, amma ba irin namu ba ne, shi ya sa suke iya nuna mana namu. Shawararsa ita ce in ka gama sabon littafi kada ka ɗauki wani sabo sai ka karanta tsoho, in hakan ya yi yawa to tsoho ɗaya bayan sababbi uku. 'Yarki tana girma a inda kusan duk abin da take gani an yi shi ne a wannan makon. Tana buƙatar muryar da ba ta san da wannan makon ba.

Bari in nuna miki ɗaya kusa-kusa. Agustin, wanda aka haifa a 354 a Tagaste, garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya rubuta littafin furcinsa wajen shekara ta 400, dukansa addu'a ce yake yi ga Allah. A ciki ya ba da labarin yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka fita cikin dare suka kakkaɓe wata bishiya da ke kusa da gonar inabinsu. Ba yunwa suke ji ba, yana da 'ya'yan itacen da suka fi waɗannan a gida. Suka ɗan ɗanɗana, suka watsa wa aladu sauran. Bayan ya zama bishop, yana da shekara arba'in da 'yan kai, ya zauna yana tambayar kansa shafi bayan shafi: me na so a cikin wannan sata? Ya gano laifin kansa ya so, don an hana, ya kuma gano da shi kaɗai ne da bai yi ba. Ki karanta wa 'yar shekara 9 wannan, ki tambaye ta ko ta taɓa yin abin da ba za ta yi ba in ba don ƙawaye suna kallo ba. Za ki ji abin da ba ki taɓa ji daga bakinta ba. A littafin nan ne kuma ya faɗi yadda ya tsani darasin Girkanci, yadda yana yaro yake roƙon Allah kada a doke shi a makaranta, da yadda ya yaudari mahaifiyarsa Monika ya shiga jirgin ruwa da dare zuwa Roma ya bar ta a bakin teku tana kuka tana addu'a. Duk wanda ya bar uwa a gida ya ƙetare teku ba zai wuce wannan shafi idonsa a bushe ba.

Zancen gumaka kuwa, damuwarki tsohuwa ce, kuma manya sun riga ki. Tertuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya yi tambayar nan wajen shekara ta 200: me ya haɗa Atina da Urushalima, wato hikimar Girkawa da bangaskiyar Kirista? Amma mafi yawan iyayen ikilisiya sun tsaya a wani wuri dabam. Basil na Kaisariya ya rubuta wa matasa cewa su yi da littattafan Girkawa yadda ƙudan zuma yake yi da furanni, ya ɗauki mai amfani ya bar sauran. Agustin ma littafin Siseron Roma, wanda ba Kirista ba ne, shi ya fara kunna masa son hikima yana ɗan shekara 19. Littafi Mai Tsarki kansa ya ce an koyar da Musa dukan hikimar Masarawa, Daniyel ya koyi rubutu da harshen Kaldiyawa bai ƙazantu ba, Bulus kuma da ya tsaya a Atina, a Ayyukan Manzanni sura 17, mawaƙan Girkawa ya ambata wa masu sauraronsa. Yarinyar da ta karanta yadda gumakan da ke cikin waƙoƙin Homa, tsohon mawaƙin Girkawa, suke kishi da ƙarya da son kai, sannan ta buɗe Ishaya sura 40, za ta ga bambancin da idonta. Sharaɗin shi ne akwai babba a gefenta da za ta yi wa tambaya. Akwai kuma labaran da ba na 'yar shekara 9 ba ne, kina da cikakken iko ki ce wannan a jira.

Kin ce duk Turawa ne. Ba duka ba. Agustin da Tertuliyan da Sifiriyan da Atanasiyus a ƙasar Afirka aka haife su, a nan suka yi hidima. Kuma baƙaƙen fatar Amurka sun daɗe da gane wannan gado ba na wata ƙabila ba ne. Frederick Douglass yana bawa, ɗan kimanin shekara 12 a Baltimore, ya tara kuɗin goge takalma ya sayi littafin jawabai, a ciki ya koyi hujjojin da ya yaƙi bauta da su. Martin Luther King, a kurkukun Birmingham a 1963, ya fara rubuta shahararriyar wasiƙarsa a gefen jarida, ba ɗakin karatu a kusa, amma ya kawo masanan dā Sokratis da Akwinas da maganar Agustin cewa dokar zalunci ba doka ba ce, duk daga kansa. Wannan shi ne amfanin abin da maigida yake so wa 'yarku. Amma ga abin da ya kamata shi ma ya sani: Douglas Wilson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa makarantar Logos, ya haɗa hannu da wani a 1996 sun fitar da ɗan littafi mai sassauta munin bautar da aka yi a kudancin Amurka, masana tarihi kuma suka yi masa ca. Ba duk makarantun ne ke tare da shi a kan wannan ba, da yawa sun yi nesa da shi. Sai dai ke uwar baƙar yarinya ce, dole ki tambayi wannan makaranta yadda take koyar da tarihin bauta, da ko akwai Douglass a jerin karatunta, ki kuma lura da fuskar mai amsawa.

Latin ba ɓata lokaci ba ne. Yana horar da yaro ya lura da ginin jimla, kuma ke da kike aiki a asibiti kin san yawan kalmomin likitanci da suka fito daga Latin da Girkanci. Amma tambayarki ta fi amsar da aka ba ki nauyi. Latin ba zai sa ta gaisa da kakarta a waya ba. In ana zancen gadon mutanen dā, nata gadon ya haɗa da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, da Littafin Waƙoƙi da kuka tashi da shi, da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da karin maganar da kakarta take yi ba tare da ta yi tunani ba. Babu makarantar Texas da za ta ba ta wannan. Ku biyu ne kaɗai.

Ga abin da nake so ki yi. Ki zaɓi ranar da kika yi barci kika huta, ba safiyar da kika sauko daga aiki ba. Ki fara da abin da kuka yarda a kai: ki ce masa, Baban yara, abin da kake so wa yarinyar nan ni ma shi nake so. Sannan ki gaya masa kalmarsa ta yi miki ciwo, a jimla ɗaya, ba tare da tono tsofaffin laifuka ba. Kada ki ce masa shi ma bai karanta ba, ko da yake gaskiya ne, don zai ji kin ƙasƙanta shi. Maimakon haka ki miƙa masa aikin. Ku yi alkawarin wata uku: kowace yamma bayan abinci, minti 20, wayoyi a ɗaki, shi ne zai riƙa karanta wa yaran da murya, har da daren da kike wurin aiki. Ku fara da labarin Yusufu a Farawa, da littafin John Bunyan na 1678 a kan tafiyar mai bi zuwa birnin sama, da labarin tafiyar Odisiyus, jarumin Girkawa, a bugun yara. Ku haddace Zabura 23 tare, da Turanci da Hausa. Shi da ke kuma ku riƙa karanta shafi kaɗan na Agustin a mako. Ɗakin karatu na unguwa zai ba ku aron waɗannan kyauta. Wata ukun nan zai nuna muku ko yarinyar tana kama irin wannan karatu, zai kuma nuna wa maigida ko littattafan yake so ko bikin da ya gani. Wannan yana da muhimmanci, don irin waɗannan makarantu suna jibga wa iyaye aiki a gida, ke kuwa kina asibiti da dare.

A cikin wannan lokaci ku je makarantar tare, gani ya kori ji. Ba ranar biki ba, ranar Talata ta yau da kullum. Ku roƙi a bar ku ku zauna a aji huɗu, da kuma ajin manya inda ake tattauna littafi. Ki lura: yaran ne suke magana ko malami kaɗai? In yaro ya yi tambaya mai wuya a kan Allah, ana amsa masa ko ana rufe masa baki? Tunda 'yarki mai lissafi da kimiyya ce, ki nemi ganin ɗakin gwaje-gwaje, ki tambayi inda lissafinsu yake kaiwa a ajin ƙarshe, da jami'o'in da ɗalibansu suka shiga. Ki tambayi shekara nawa malaman suke yi kafin su tafi, da yadda ake horon yaro in ya yi laifi, don wasunsu suna duka, da wace hukuma ta tantance su. Yawancinsu suna barin yaro ya yini ɗaya a aji kafin a yanke shawara. Ku bar ta ta je, ku saurari abin da za ta faɗa. Ba ita za ta yanke hukunci ba, amma kukanta ba shirme ba ne. Yarinyar da iyayenta baƙi ne a ƙasa, ƙawayenta su ne danginta na kusa.

Sai lissafi, a rubuce, ku biyu a tebur ɗaya. Ba kuɗin bana kaɗai ba: na kowace shekara har ta gama aji 12, da na ƙaramin in ya iso, da kayan makaranta da mota. Ku sa layi biyu da ba za a taɓa ba, abin da ake aika wa iyaye da lafiyarki. Ƙarin dare ɗaya a mako na shekara takwas yana nufin a cire wa yarinya uwa don a saya mata malami, ni kuwa ban ga riba a wannan ciniki ba. Ku tambayi makarantar tallafin da take ba masu ƙaramin ƙarfi, don da yawa suna da shi amma sai an tambaya. Ku kuma bincika shirin da Texas ta sa wa hannu a 2025, mai ba iyali kimanin dala 10,000 a shekara kan kowane yaro don makarantar kuɗi, daga zangon 2026. Ba kowa yake samu ba, kuma sai makarantar tana cikin shirin, saboda haka kada ku gina lissafinku a kansa sai takarda ta zo hannu.

In kuɗin bai kai ba, ƙofa ba ta rufe ba. A Texas akwai makarantun da gwamnati take biya amma suke bin wannan tsari, kamar na Great Hearts, kyauta ne, suna koyar da Latin da manyan littattafai, sai dai ba sa koyar da addini, kuma sau da yawa sai an yi ƙuri'a ko an jira layi. Akwai na Kirista da yaro yake zuwa kwana biyu ko uku a mako, sauran a gida, kuɗinsu ya fi sauƙi amma suna cin lokacin iyaye. Akwai kuma jinkiri: ta ƙarasa firamare inda take, ku ci gaba da karatun yamma, ku sake duba maganar in za ta shiga aji shida, lokacin da yawancin yara suke sauya makaranta dama, kuma lokacin da mantiƙi da manyan littattafan suke farawa da gaske. In kun zaɓi haka, ku tambayi makarantar yadda take taimakon wanda ya shigo a makare ya kamo Latin.

Ku sa ranar da za ku yanke shawara, kafin a rufe karɓar ɗalibai, don kada maganar ta yi ta yawo a gida har ta cinye zaman lafiyarku. In ranar ta zo ba ku daidaita ba, ku nemi wasu dattawa mata da miji da ku duka kuke girmamawa su zauna da ku, amma ba dattijon da ya gayyace shi bikin ba, don shi ya riga ya zaɓi gefe. Allah ya ba ku hikima, ya raya mana yaran. Ki sake rubuto mini bayan wata ukun, ina so in ji abin da yarinyar ta ce a kan bishiyar Agustin, da kuma abin da kuka gani a ajin.